Mota mai ɗaki ta kwanta maka a ƙasar waje: inshorar janwe, garejin kamfani, bakaniken gari, ko ka shiga ƙarƙashinta da kanka?

Ƙanina da muke unguwa ɗaya a Hamburg ya sayi mota mai ɗaki ta hannu, irin wadda Jamusawa ke ce wa Wohnmobil, Faransawa kuma camping-car, wato dai bas ce da aka sa mata gado da wajen girki da ɗan banɗaki a ciki, wai yana so in yara sun samu dogon hutu ya kwashi iyali su bi ta Faransa da Sifaniya su tsallaka Maroko. Daga nan zuwa Algeciras inda ake shiga jirgin ruwa tafiyar ta doshi kilomita 3,000, motar kuma ta ba shekara 12 baya. Sai ya zo yana tambayata, Yaya in ta tsaya mini a hanya fa? In biya inshorar janwe ne, ko in ajiye kuɗin a aljihu in nemi bakanike duk inda abin ya same ni, ko kuwa in cika akwati da sifana da kayan gyara? Na ce masa samu waje ka zauna, wannan ba maganar tsaye ba ce. Ni na bi hanyar nan sau uku, sau biyu mota ta kwanta mini, kuma abin da na gano shi ne ba gyaran ne ke karya mutum ba, janwe da zaman jira su ne ke cinye kuɗin hutu.

Kafin komai ka sa a ranka cewa wannan motar abu biyu ce a jiki ɗaya. Akwai motar kanta, inji da giya da birki da taya, wadda yawanci Fiat Ducato ce ko 'yan uwanta Peugeot Boxer da Citroën Jumper da ake haɗawa a masana'antar Atessa ta Italiya, ko kuma Ford Transit, Mercedes Sprinter, Renault Master da su VW. Sannan akwai ɗakin da wani kamfani daban ya ɗora mata, firji da hita da famfon ruwa da masai da batirin ɗaki, su kuma kayan Dometic ne ko Thetford ko Truma. Mai gyaran wannan ba shi ne mai gyaran wancan ba. In ka kai wa garejin inji firjin da ya daina sanyi kallonka kawai zai yi ya nuna maka hanya, kuma masu janwe ma ba za su taso ba don famfon ruwanka ya mutu, tunda motar tana tafiya. Laifin ɗaki ana iya daurewa a ƙarasa hutu da shi, a sayi ƙanƙara a sa a kula, a ɗebi ruwa a jarka. Laifin inji ne ke tsayar da kai cak, shi ya sa yawancin maganata a kansa take.

Ma'aunin da nake awo da shi

Abu huɗu nake dubawa. Na farko kuɗi, amma ba abin da aka rubuta a rasit kaɗai ba, ka haɗa da janwe da otal na mutum biyar (ka tuna fa in motar ta shiga gareji gidanka ne ya shiga gareji) da abincin waje da tikitin jirgin ruwan da ya wuce ka. Na biyu ƙarko: gyaran zai mayar da kai gida har ka manta da shi, ko gari na gaba kawai zai kai ka. Na uku sauƙi, wato yare, da kwana nawa za ka zauna, da kuma ko motar ma za ta shiga ƙofar garejin, don mai tsayin mita 3 ba kowane lif ke ɗaga ta ba. Na huɗu kasada, a cuce ka, ko garantin motar ya ɓaci, ko kwanakin biza su ƙare kana jiran wani ɗan ƙarfe, ko kuma wanda ya fi duka muni, ka tsaya a gefen babbar hanya tireloli na shararawa da gudu yara na cikin mota.

Inshorar janwe ko katin ƙungiyar agajin hanya

A Jamus ADAC ce ta fi suna, tun 1903 take, masu motocin nan ruwan ɗorawa, a Holan akwai ANWB, a Birtaniya AA da RAC, sai kuma Red Pennant ta ƙungiyar masu irin waɗannan motocin. Ko kuma ka ƙara ɗan abu a kan inshorar motarka su ba ka abin da Jamusawa ke kira Schutzbrief, shi ya fi araha amma sharuɗɗansa sun fi tsauri. Katin da ke aiki har ƙasashen waje yana kama wajen Yuro 100 zuwa sama kaɗan a shekara, wanda bai kai kuɗin janwe ɗaya na dare ba.

To amma a nan mutane ke ruɗewa, suna zaton sun sayi gyara. A'a malam, janwe ka saya, da wanda zai ɗauki waya ya yi magana da mai gareji da yarensu, da otal na 'yan kwanaki, da motar haya ko tikitin komawa gida, da aiko maka da kayan gyara in babu su a inda kake. Kuɗin kayan da ladan bakanike yawanci daga aljihunka za su fito.

Karo na farko da ta kwanta mini yammacin Asabar ne a watan Agusta, a kan babbar hanyar biyan kuɗi kudu da Bordeaux, fitilar batir ta kama na ce bari in lallaɓa, can sai komai ya ɗauke, ashe oltaneta ce ta ƙone. Na kira masu katina da ƙwarin gwiwa, matar ta ce mini ba su da ikon shigowa wajen, kuma gaskiyarta ne, don a manyan hanyoyin Faransa janwen da aka ba lasisin wannan yankin ne kaɗai ke da ikon ɗaukar ka. Za ka je wajen wayar gaggawa mai ruwan lemo da ke kowane kilomita 2 ko ka buga 112, su turo nasu. Gwamnati ce ke yanke farashin, ga motar da ba ta wuce tan 3.5 ba bai kai Yuro 200 ba da rana, amma daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 8 na safe, da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, ana ƙara rabin kuɗin a kai. In motarka ta haura tan 3.5 kuwa babu wannan ƙayyadadden farashin, sai yadda mai janwe ya ce. Na biya na riƙe rasit daga baya aka mayar mini, otal ma an biya na kwana uku, amma Lahadi kowa a rufe, Litinin rabin garejojin garin sun tafi hutun Agusta, sai ranar Alhamis na karɓi makulli. Kwana biyar a kan abin da bakanike ya kwance ya ɗaura cikin awa biyu.

Abin da za ka karanta da idonka kafin ka biya: nauyi da tsawo da tsayin motar da suka yarda da shi (na ADAC ya kai tan 7.5, tsawo mita 10, tsayi mita 3.20, wasu kuwa a tan 3.5 suke tsayawa kuma ba za ka sani ba sai ranar da ka kira), shekarun mota don wasu ba sa karɓar tsohuwa ko su ƙara kuɗi, kwana nawa tafiya ɗaya za ta iya kaiwa, da kuma jerin ƙasashe. Wannan na ƙarshen ka nemi sunan Maroko a rubuce, kar ka yarda da "ai duk Turai da kewaye ne" a waya. Kuma kar ka haɗa shi da koren katin inshora, shi na ɓarnar da ka yi wa wani ne ba na lalacewar mota ba, ka duba akwatin MA, wato alamar Maroko, a jikinsa, in an soke shi to sai ka sayi inshorar kan iyaka da zarar ka sauka a Tanger Med, tashar jirgin ruwa ta kusa da Tanja a Maroko.

Wajen sauƙi babu kamarsa, waya ɗaya ce. Wajen ƙarko kuwa ba ruwansa, mai janwe zai sauke ka ne a garejin da ya fi kusa ko wanda suke hulɗa da shi, ba lallai wanda ya fi iya aiki ba, kuma kana da damar cewa a'a a kai ni wancan in ratar ba ta wuce iyakar da katin ya ɗauka ba.

Garejin kamfani

Wannan shi ne mai tambarin kamfanin motar a ƙofa. Ka nemi na motocin kaya ba na ƙananan motoci ba, misali mai Ducato ya nemi inda aka rubuta Fiat Professional, don su ne ke da babbar ƙofa da lif mai ƙarfi. Amfaninsu a fili yake: suna da kwamfutar da ke magana da ƙwaƙwalwar motar sosai, kaya na asali ne kuma in ba hutu ba kwana ɗaya ko biyu sun iso, aikin yana da garanti a rubuce wanda yawanci wani garejin kamfanin a ƙasarka zai karɓa. In motarka sabuwa ce tana cikin garanti ma babu wata muhawara, gyaran garanti a nan kaɗai ake yin sa kyauta.

Inda suka zama dole shi ne sababbin injinan Euro 6, wato masu bin ƙa'idar rage hayaƙi ta Turai. Laifin AdBlue, ruwan nan da ake zubawa a tankinsa daban don tace hayaƙin dizal, ko matatar hayaƙi da ake ce wa DPF ta toshe, ko wata 'yar na'urar awo ta rikice motar ta koma tafiyar hawainiya ta ƙi hawa tudu, ko makulli ya daina gaisawa da inji, duk waɗannan ba aikin guduma ba ne.

Sai dai tsada kam akwai ta. A Jamus ladan awa ɗaya a irin wannan garejin ya haura Yuro 100 da nisa, Faransa ma ba sauƙi, kuma su ba sa gyara abu, canjawa suke yi, in boris ɗin Yuro 15 ne ya mutu a cikin oltaneta za su cire ta dungurungum su sa sabuwa. Ga layi, kai baƙo ne ba kwastomansu ba, a Yuli da Agusta za a iya ce maka ka dawo bayan kwana goma kafin ma a buɗe bonet. A Italiya makon Ferragosto, wato zagayen 15 ga Agusta, kusan kowa kullewa yake. A Maroko akwai su a Tanja da Kasabalanka da Marrakesh da Agadir, amma in kayan irin injinka ba a sayar da shi a can sai an yi odarsa daga Turai ya bi ta kwastan, jira ya ƙaru.

Bakanike mai zaman kansa

A nan zuciyata ta fi karkata, amma sai an raba shi biyu.

A Turai akwai masu zaman kansu da ke ƙarƙashin wata inuwa kamar Bosch Car Service, akwai kuma ɗan garejin ƙauye da ke gyaran tarakta da motocin manoma, wanda wallahi sau da yawa ya fi kowa sanin injin dizal kuma ƙofarsa tana da tsayi. Ladansu ya fi sauƙi musamman a Sifaniya da Fotugal, suna yarda su sa kayan da ba na kamfani ba ko na kwance daga wajen 'yan gwangwan, wanda Faransawa ke ce wa casse, mutanen Sifaniya desguace, kamar dai ka ce Ƙofar Ruwa ko Panteka amma da rasit. Kalma ɗaya za ka haddace a kowace ƙasa, wato takardar ƙiyasin kuɗi kafin a fara aiki: devis a Faransa, presupuesto a Sifaniya, preventivo a Italiya, Kostenvoranschlag a Jamus. A Sifaniya doka ta ba ka haƙƙin a rubuta maka ita, kuma gyaran motar da ba ta haya ba yana da garantin wata 3 ko kilomita 2,000, duk wanda ya fara cika. Kyakkyawar doka ce amma ka lura da inda matsalar take, garantin yana aiki ne a garejin da ya yi aikin, in ta sake lalacewa kana Fas ta Maroko ko ka riga ka koma Hamburg waye zai jawo ta ya mayar da ita garejin Burgos a Sifaniya? Abu ɗaya mai daɗi shi ne dokar Tarayyar Turai ba ta yarda kamfani ya soke maka garanti don kawai ka yi juyen baƙin mai a garejin waje ba, matuƙar an bi ƙa'idarsu kuma kana da rasit.

A Maroko kuwa sai ka ji kamar ka koma gida. Karo na biyu da ta kwanta mini tsakanin Tiznit da Agadir ne, faranti ɗaya na sifirin baya ya karye a wani rami, na lallaɓa na shiga gari, kafin in gama shan shayin da aka zuba mini yaron shago ya hau babur ya dawo da na kwance, kafin magariba mun kama hanya, kuɗin kuma 'yan ɗaruruwan dirhami. Mutanen da suka shekara talatin suna raya tsofaffin Marsandi na tasi ba sifirin ne zai gagare su ba. Walda, lagireto, naɗin oltaneta da kik, kuloci, duk suna yi kuma gyarawa suke ba canjawa ba. Wanda ke jin Faransanci, irin 'yan uwanmu na Nijar, ya huta, Larabcin makaranta kuwa gaisuwa zai yi maka sai sauran ka ƙarasa da hannu da hoto a waya, don Darija wani abu ne daban. Ranar Juma'a ka sa a lissafi cewa aiki zai tsaya da rana.

Kasadar ita ce wajen wayarin da kwamfuta. Za ka iya samun wanda zai ce maka bari in cire DPF ɗin nan gaba ɗaya in rufe AdBlue a kwamfuta ka huta har abada. Motar za ta tashi kuwa, ta yi gudu, amma ka sani a Jamus ka ɓata izinin motar na hawa titi, kuma ranar binciken lafiyar mota na TÜV da ake yi wa wadda ba ta wuce tan 3.5 ba duk shekara 2 za ka biya abin da ya ninka wanda ka guje wa. Akwai kuma jabun kaya, musamman filta da fatar birki da boris. Dabarata ita ce a yi ciniki kafin a kwance ƙusa ɗaya, in tsaya a wajen kamar yadda muke yi a gida, in ɗauki hoto, in ce a ba ni tsohon kayan da aka cire, sannan in na dawo in kai wa bakanikena ya sake dubawa. Yawanci gyaran ƙarfe yana daɗewa, wancan sifirin har na sayar da motar yana jikinta.

Ka gyara da kanka

Wannan ba zai maye gurbin sauran ba, amma shi ne ke hana ƙaramin abu zama na kwana uku. Abu na farko safaya. Da yawa daga cikin motocin nan ba sa zuwa da ita, wata 'yar robar gam da famfo ake ba ka, wadda in taya ta fashe ta gefe ba ta da wani amfani, kuma girman tayar mai alamar CP, wato ta motoci masu ɗaki, ba kowane mai faci ke da shi a ajiye ba. Ka duba lambar DOT a jikin tayoyinka, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekarar da aka yi ta, don tayar irin wannan motar tsufa ke kashe ta ba suɗewa ba, sai ka ga zanenta fes amma ta shekara takwas tana tsaye a rana, ta fashe maka a zafin Andalus. Sai jak mai ƙarfin ɗaga motar da kayanta, fis kala-kala, fanbel, filtar dizal, ƙwan fitila, mitar awon wuta, batirin tayar da mota, tef da waya da sifana da sukudireba, da 'yar na'urar nan da ake sokawa a ramin OBD ƙarƙashin sitiyari tana nuna laifi a wayarka, ba ta wuce Yuro 20 ko 30 ba. Ko ba ka iya gyara ba, ka shiga gareji da lambar laifin a hannu ya rage maka rabin gardamar yare kuma mai niyyar cuta zai yi tunani sau biyu. AdBlue ka riƙe jarka ɗaya, don in ya ƙare ka kashe inji ba zai sake tashi ba sai an zuba.

Kar dai ka wuce gona da iri, lasisin tuƙi na B a tan 3.5 ya tsaya, kuma motocin nan da ruwa da yara da tukwane da tsarabar Hajiya sun riga sun kusa kaiwa, in aka ɗora ka a sikeli tara ce. Gas ɗin girki ma wani ciwon kai ne, tukunyar Jamus ba a musanya ta a Sifaniya ko Faransa, bakin zuba gas ɗin LPG a gidan mai kuma kala huɗu ne a Turai, sai ka sayi kawunan haɗi tun daga gida. A gidan mai ka buɗe ido: a Sifaniya gasóleo shi ne dizal, gasolina fetur ne, a Faransa gazole, a Italiya gasolio. In ka yi kuskure ka zuba fetur kar ka ko murza makulli, a zuƙe tanki ya fi a canja famfo da nozul.

Abin da ba na taɓawa da hannuna: bututun gas, birki, da duk aikin da zai sa in kwanta ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. Kuma ba a gyara a gefen babbar hanya, a sa rigar ƙyalli, a fitar da kowa ta ƙofar dama a tsallaka bayan shingen ƙarfe. A Sifaniya daga 1 ga Janairun 2026 motocinsu in sun lalace a hanya fitilar gargaɗi ta V16 suke ɗorawa a rufi maimakon alwatikar da ake ajiyewa a titi, amma mai lambar ƙasar waje alwatikarsa ta isa. A manyan hanyoyin Maroko lambar agaji 5050 ce.

A ɗauko ta a bayan tirela zuwa gida

Wannan na ranar da inji ya buga ne ko giya ta watse. In kana da kati mai kyau za su yi, amma da sharaɗi biyu da kowa ke mantawa: sai an tabbatar ba za ta gyaru a cikin 'yan kwanaki ba, kuma in kuɗin ya fi darajar motar a kasuwa za su ce a kai ta gwangwan a can. Mai tsohuwar mota wannan layin ya fi kowane layi muhimmanci a gare shi. Ba kuma gobe za ta iso ba, sai tirela ta tara motoci, makonni ne. In kai za ka biya da kanka daga kudancin Sifaniya zuwa arewacin Jamus maganar dubban Yuro ake yi. A Maroko akwai ƙarin ƙulli, kwastan suna rubuta motar a kan fasfonka, wata 6 aka ba ta a shekara, ba za ka hau jirgin sama ka bar ta a garejin wani haka kawai ba sai ka je an yi takardar ajiye ta a hannunsu, sayar da ita kuwa sai an biya haraji.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Kasada |
|---|---|---|---|---|
| Inshorar janwe | kaɗan a shekara, ban da gyara | ya dogara da inda aka sauke ka | waya ɗaya | ƙananan sharuɗɗa, iyakar nauyi da ƙasa |
| Garejin kamfani | mafi tsada | mafi kyau, garanti na bin ka | layi, jira a Agusta | ɓata kwanaki |
| Mai zaman kansa a Turai | matsakaici | mai kyau, garanti a wajensa kaɗai | sai da yare | ƙiyasin baki |
| Bakaniken Maroko | araha | ƙarfe lafiya, wayarin sai sa'a | nan take | jabun kaya, cire DPF |
| Da kanka | kayan aiki kawai | na wucin gadi | in ka iya | rauni, ƙara ɓarna, nauyi |
| Tirela zuwa gida | dubbai in babu kati | bakanikenka zai yi | makonni | darajar mota, kwastan |

To wanne ya dace da wa

Mai sabuwar mota da ke cikin garanti, ka duba takardunka da farko don yawanci kamfanin ya haɗa maka da agajin hanya, kar ka biya sau biyu, kuma duk abin da ya shafi inji garejin kamfani kai tsaye ko da za ka jira. Wanda ya ɗauki haya ma nasa mai sauƙi ne, lambar da ke cikin kwantiragi zai kira, kar ya bari kowa ya taɓa motar kafin su amince, in ba haka ba kuɗin ajiyarsa ya tafi.

Mai Euro 6 da garantinta ya ƙare, kati dole, laifin ƙarfe ka ba mai zaman kansa, laifin hayaƙi da kwamfuta ka haƙura ka biya kamfani. Wanda ya taso daga Birtaniya da bizar Schengen ko yana ƙirga kwana 90 cikin 180, lokaci ya fi masa kuɗi tsada, ya zaɓi duk wanda zai fara aikin yau kuma ya bar wa kansa rarar mako guda a ƙarshen bizar. Wanda zai zarce kudu ya shiga Muritaniya da Senegal kuwa ya ɗauka katin Turai ya ƙare masa aiki sai in ya ga sunan ƙasar a rubuce, can tsohon inji mara kwamfuta da yawa, da filtar dizal biyu uku, da safaya biyu, da tsabar kuɗi a ɓoye su ne abokan tafiya.

Shi kuwa ƙanina mai motar shekara 12 da yara uku, ga hanyar da zai bi daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba cike take da miliyoyin 'yan Maroko masu komawa gida hutu, janwe da gareji duk a matse, na ce masa ya ɗauki katin da ya rubuta Maroko ya karanta layin darajar mota, ya ware kamar Yuro 1,000 da ba na hutu ba don bakanike mai zaman kansa, ya sa tikitin jirgin ruwa ya zama wanda ake iya canja masa rana, sannan tun a nan gida ya kai ta a duba taimin bel da famfon ruwan inji da batir. Da muka leƙa takardun motar babu inda aka rubuta ranar da aka canja taimin bel ɗin, muka leƙa ƙarƙashi kuma wajen safaya wayam, tayoyin baya lambarsu ta nuna 2016. Ranar Litinin zai kai ta.